Farasitamol, galahanga da yaron da aka ce ba ya ji: me likitoci ke nufi da otizim da ADHD?

Tun ranar 22 ga Satumban 2025 da shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya a fadar White House, sakataren lafiyarsa Robert Kennedy na gefe, ya ce mata masu juna biyu su guji Tylenol don wai yana da hannu a otizim ɗin yara, maganar ta ƙi mutuwa. Shi Tylenol ɗin nan ba wani baƙon magani ba ne fa, farasitamol ne, wanda mu nan muka fi sani da Panadol, wanda ko kemis ɗin ƙauye ba a rasa shi. Kafin labarin ya gama zagaya guruf-guruf na mata a WhatsApp ya riga ya koma "Panadol na sa a haifi galahanga", mai ciki na fama da zazzaɓi tana tsoron haɗiyar ƙwaya, ita kuma wadda ɗanta ya kai shekara uku bai yi magana ba ta zauna tana ƙirga sau nawa ta sha lokacin da take da cikinsa.

Kwana biyu bayan nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wata tabbatacciyar hujja da ta nuna farasitamol na jawo otizim, hukumomin magunguna na Birtaniya da Tarayyar Turai ma suka ce shawararsu ba ta canza ba. To amma kafin ma a kai ga wa ke da gaskiya, da yawanmu ba mu daidaita a kan mene ne shi kansa abin da ake magana a kai ba.

Kalmar galahanga ta ɗauki kaya da yawa

A bakin mutane galahanga na nufin abubuwa kusan huɗu da likita ba zai taɓa haɗa su ba. Akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen doguwar naƙuda ko shawarar jarirai, wuyansa bai tsaya da wuri ba, gaɓoɓinsa sun sandare. Akwai mai lalurar Down wanda ake ganewa tun daga fuska, abin daga ƙwayar halitta yake. Akwai mai jinkirin fahimta gaba ɗaya. Sannan akwai mai otizim, wanda sau da yawa in ka kalle shi ba za ka ga komai a jikinsa ba, ƙato lafiyayye yana gudu yana tsalle.

Otizim lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko, kuma ta fuska biyu ake gane ta. Ta farko mu'amala da mutane. Ɗauki yaro ɗan shekara biyu da rabi, uwa ta kira sunansa sau biyar bai waiwayo ba har ana cewa ko kurma ne, amma a buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin sai ga shi da gudu. Jirgin sama ya wuce sauran yara na nunawa da yatsa suna kallon fuskar uwa don ita ma ta gani, shi bai damu ya nuna wa kowa komai ba. In yana son ruwa sai ya ja hannunta ya ɗora a kan randa kamar hannun nata wani kayan aiki ne, ba tare da ya kalli idonta ba. Fuska ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya da ƙin canji, ya zauna awa guda yana jera murafan kwalbar lemo a layi, wani ya taɓa ɗaya ya fashe da ihun da ba a iya lallashi, ya toshe kunne da an tada janareta ko injin markaɗe, ya ƙi cin komai sai abinci kala ɗaya, ko ya riƙa maimaita tallar rediyo kalma da kalma alhali bai iya cewa "Mama ba ni" ba.

Abin hawa-hawa ne. Wani har ya girma ba zai yi magana ba kuma zai buƙaci mai kula da shi kullum, wani kuma zai gama jami'a ya yi aure ya yi aiki, kawai dai mutane su riƙa cewa bauɗaɗɗe ne ko ba ya son jama'a. Likita Leo Kanner ne ya fara bayanin abin a 1943 a Amurka bayan ya duba yara 11, Hans Asperger ya rubuta nasa a Vienna a 1944 kan yaran da ke magana sosai, sai a 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5, ya haɗe su duka a suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 127 a duniya na da shi, kuma an fi gano shi a maza, wajen ninki uku zuwa huɗu.

Shi kuma ADHD, ba ƙiriniya ce kawai ba?

Wannan ita ce tambayar da kusan kowane uba ke yi, kuma tana kan hanya, don yaro ai da ƙiriniya aka san shi. ADHD gajarta ce ta sunan Turanci da ke nufin kasa tattara hankali wuri ɗaya haɗe da rashin iya zama da kuma afka wa abu ba tunani. Bambancinsa da ƙiriniyar yau da kullum shi ne yawa da daɗewa da kuma ɓarnar da yake wa yaron. Ka'idar likitoci ita ce alamomin su fara kafin shekara 12, su kai aƙalla wata shida, a gan su a wuri biyu ko fiye (gida da boko da islamiyya misali), su wuce na sa'o'insa nesa ba kusa ba, kuma su zama suna hana shi karatu ko zama da mutane. Yaron da ke tada gida amma malamai na yabon natsuwarsa, a nemi dalilin a wani wajen.

Wanda aka fi sani shi ne wanda a islamiyya ana hadda shi yana juye-juye, ya tsunkuli na kusa, ya ba da amsa malam bai gama tambaya ba, a zane shi yau ya yi kuka ya yi rantsuwa ya daina, gobe ya koma, kuma da gaske yake lokacin da ya rantse, birkin ne ba ya kamawa. Akwai kuma nau'in da ba a lura da shi, an fi samunsa a 'yan mata, shiru-shiru ce ba ta damun kowa amma hankalinta ba ya wurin, a aike ta gishiri ta dawo da ashana, kullum ta ɓatar da fensir ko hijabi, sai a yi mata laƙabi da sakarya ko malalaciya. Kiyasin da aka fi yarda da shi shi ne wajen kashi 5 cikin 100 na yara. Kuma yaro ɗaya na iya haɗa otizim da ADHD, kafin 2013 ne ka'ida ta hana likita rubuta wa yaro duka biyun.

To daga ina suke zuwa?

Gado ne ya fi rinjaye. Binciken tagwaye da na iyalai ya sa rabon gado a otizim wajen kashi 80 cikin 100, a ADHD ma sama da 70, kuma ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne, suna zuwa ta wajen uba suna zuwa ta wajen uwa, wani lokacin ma sabon canji ne da ya faru a jikin yaron shi kaɗai. Wannan na da muhimmanci a gidajen da ake cewa mace "daga danginki ne" har abin ya kai ga saki. Turawa ma sun yi irin wannan zaluncin, shekaru da dama ana cewa sanyin halin uwa ne ke jawo otizim, kafin bincike ya yi watsi da maganar gaba ɗaya. Sauran abubuwan da ke ƙara yiwuwar abin sun haɗa da haihuwar bakwaini, ƙarancin iska ga jariri wajen haihuwa, yawan shekarun iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin ciki.

Maganar farasitamol kuwa, ɓangaren Trump ba daga iska suka ɗauko ta ba. Akwai nazarin da aka fitar a Agustan 2025 wanda ya tattara bincike 46 ya ce ana ganin alaƙa tsakanin shan maganin da ciki da samun otizim ko ADHD. Masu ja da su suka ce alaƙa daban, sanadi daban, mace ai ba ta shan Panadol don daɗi, zazzaɓi ko ciwo ne ya sa ta sha, ƙila shi ciwon ne ko gadon gidan ke da hannu. Babbar hujjarsu binciken Sweden ne na 2024 da ya bi yara kusan miliyan 2.5, da farko an ga 'yar alaƙa kaɗan, amma da aka gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha maganin da cikinsa da wanda ba ta sha ba, sai alaƙar ta ɓace. Ita kanta hukumar magunguna ta Amurka, FDA, a takardar da ta aika wa likitoci ta amince ba a tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba. Abin da babu jayayya a kai shi ne zazzaɓi mai zafi da aka bari yana da haɗari ga uwa da ɗan tayi, balle a ƙasar maleriya, kuma wadda ta gudu daga farasitamol ta koma ibuprofen ta faɗa wanda aka yi gargaɗi a kansa daga mako na 20 na ciki.

Allurar rigakafi ma an sake tado da ita, kuma a arewa wannan magana na samun kunne da wuri saboda tarihi, gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ba a manta ba. Amma asalin zargin rigakafi da otizim takarda ɗaya ce ta wani likitan Ingila Andrew Wakefield a 1998 kan yara 12 kacal, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010 aka kuma ƙwace lasisinsa, sannan a Denmark an bi yara sama da 650,000 ba a ga wani bambanci tsakanin wanda aka yi wa allurar ƙyanda da wanda ba a yi wa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamomin otizim na bayyana a daidai shekarun da ake yawan zuwa rigakafi.

In an ce a Amurka adadin ya tashi daga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 31 a 2022, gaskiya ne, Kennedy na kiran haka annoba, yawancin masana kuma na cewa babban dalili shi ne an faɗaɗa ma'anar abin kuma ana tantance yara sosai, waɗanda da ake rubuta musu wani sunan daban yanzu suna shiga lissafi.

Yadda ake gane yaro na da shi

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim ko ADHD, duk wanda ya ce yana da na'urar da ke gano shi a minti goma a yi hattara da shi. Aiki ne na tambaya da kallo. Likita zai bi tarihi tun daga ciki da haihuwa, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya fara gwaranci, zai zauna ya yi wasa da yaron yana lura, zai nemi bayanin malamai. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT da ake cika wa yara 'yan wata 16 zuwa 30, a Amurka ana yin ta a wata 18 da wata 24, amma ita tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai, ba ta yanke hukunci. Ga ADHD akwai takardun tambayoyi irinsu Vanderbilt da Conners da iyaye da malami ke cikawa kowa da nasa.

Alamomin da bai kamata a ce "bari ya ƙara girma, babansa ma ya yi nauyin baki" ba su ne yaro ya kai shekara ɗaya ba gwaranci ba nuni da yatsa, ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuma ya fara magana sannan ta ɗauke, wannan na ƙarshen ko a wane shekaru ne.

A nan ƙasar tamu akwai abubuwan da dole a fara kawarwa kafin a ambaci ɗayan sunayen biyu. Na farko ji. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa da aka bari na kashe wa yara ji, yaron da ba ya ji kuwa ba zai amsa suna ba kuma ba zai yi magana ba, don haka awon kunne shi ne matakin farko. Sai farfaɗiya, akwai nau'inta da yaro ba ya faɗuwa, ido kawai zai ƙafe na 'yan daƙiƙoƙi sau da yawa a rana, malami ya ɗauka rashin maida hankali ne. Maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa na barin yaro da rashin natsuwa. Yunwa, ƙarancin jini, rashin barci, matsalar ido, da firgici ga yaran da suka ga harin 'yan bindiga ko suka tashi a sansanin gudun hijira, duk suna iya kama da ADHD. Sai gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, kaɗan ɗinta ma da ba ya kisa yana taɓa hankali da ɗabi'ar yaro, kuma an samu dalma mai yawa a wasu nau'o'in tozalin da ake ranbaɗa wa jarirai.

Taimako, da inda masana suka rabu

Otizim ba shi da maganin warkewa, amma horo da wuri na canza rayuwar yaro sosai, koyon magana ko wata hanyar bayyana buƙata kamar hotuna da alamar hannu, koyon shiga banɗaki, cin abinci, sa kaya. Magunguna irin su risperidone ana ba da su ne don tsananin fushi ko yaron da ke ji wa kansa ciwo, ba sa taɓa asalin lalurar, kuma suna sa ƙiba da kasala. Shi ma maganin leucovorin da aka ambata a taron Trump cewa zai taimaki masu otizim, binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, ya fi shafar yara 'yan kaɗan masu wata matsala ta musamman a ƙwaƙwalwa.

Saɓanin yana kan irin horon. Akwai tsarin ABA da ya yi ƙarfi a Amurka, asalinsa har awa 40 a mako ana koya wa yaro abu ɗaya-ɗaya da lada, masu goyon baya na cewa shi ya fi yawan bincike a bayansa, manya masu otizim da dama kuma na cewa an wahalar da su ne don su yi kama da sauran mutane, an hana su kaɗa hannun da ke kwantar musu da hankali ba don yana cutar da kowa ba. Ɗaya hanyar ita ce a horar da iyaye su zama su ne masu aikin a cikin wasa da hidimar gida, an gwada ta a Ingila, an kuma gwada ta a Indiya da Pakistan da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma na da shirin horar da masu reno da ake samu kyauta a intanet. Ga ƙasa irin Najeriya da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, wannan ta biyun ce ta fi kusa da abin da zai yiwu.

ADHD kuwa yana da magani mai aiki, mafi shahara methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, yawancin yaran da aka ba su suna samun natsuwa, amma yana rage cin abinci yana iya hana barci, dole a riƙa auna nauyi da tsayi da bugun zuciya. Ga 'yan ƙasa da shekara shida likitocin yara na Amurka sun ce a fara da horar da iyaye tukuna. Nan ma akwai ja-in-ja, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa shi a jerin magungunan dole a 2019 da 2021 yana cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta yi ƙarfi ba, likitoci da yawa kuma suka ce wannan na hana yaran ƙasashe matalauta abin da na masu kuɗi ke samu. Iyayen da suka ga abin da kodin da tramol suka yi wa matasa suna da dalilin tsoro, sai dai bincike bai nuna maganin da likita ya rubuta yana kuma bibiya na jefa yaro shaye-shaye ba, yaron da aka bari ba taimako har aka kore shi daga makaranta shi ya fi shiga wannan haɗarin.

Gida, makaranta da asibiti a nan

Yawancin iyaye kafin su ga likita sun riga sun zaga, an ce shafar aljanu ce, an ce kambun baka, an ce ɗan ruwa ne, an yi tofi an sha rubutu an yi hayaƙi. Addu'a da asibiti ba sa karo, iyali na iya riƙe duka biyun. Inda matsala take shi ne duka da sunan fitar da iska, turnuƙe yaro da hayaƙi a ɗaki a rufe, ɗaure shi a turke, ko a kai shi gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga ciki a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, wasunsu ƙananan yara. Sannan shekarun da aka ɓata ana zagaye su ne shekarun da horo ya fi kamawa.

A takarda doka na nan, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. A aikace kuwa aji mai yara 100 da malami ɗaya ba baƙon abu ba ne, makarantun musamman na gwamnati sun fi karkata ga kurame da makafi, cibiyoyin kuɗi masu koyar da magana sun taru a Legas da Abuja da farashin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba. Duk da haka akwai abin da malami zai yi ba ko sisi, ya zaunar da yaron a gaba nesa da taga, ya ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ya raba masa hadda aya biyu-biyu maimakon shafi, ya aike shi goge allo ko ɗebo alli in ya ga zaman ya gagare shi, ya yaba masa nan take in ya yi daidai. A gida ma tsari ɗaya kullum, a gaya wa mai otizim abin da za a yi kafin a yi, a rage waya, duk da ba a tabbatar waya na jawo otizim ba tana cinye lokacin da ya kamata a yi masa magana.

Wurin zuwa shi ne sashen yara ko na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, zuwa can kuma ba ya nufin an ce yaro mahaukaci ne. Tunda layi na da tsawo kuma yaro ba lallai ya nuna halinsa a gaban likita a minti goma ba, yana da kyau uwa ta ɗauki gajerun bidiyo uku ko huɗu a waya, lokacin da ake kiran sunansa, lokacin da yake wasa shi kaɗai, lokacin da ya birkice, ta tafi da katin rigakafinsa da 'yar takarda daga malamin boko da na islamiyya, ta rubuta duk maganin da aka taɓa ba shi har da na gargajiya, kuma in ba a ambaci awon kunne ba ita ta tambaya.